Kwaɗon salati da gasasshiyar kaza: yadda za mu haɗa shi a gida, mu ci mu kwana lafiya



Tun da sanyi ya shigo, duk wanda ya bi ta kasuwar Katako ko Wadata ko Harobanda da safe zai ga ganyen salati jibge a kan tebura, shar da shi, ga tumatir ga karoti ga shu, kuɗin kuma ya sauko. Daga watan Nuwamba zuwa Fabarairu ne lambunan bakin kogin Isa, irin na Gamkalle da Saga da Kirkisoye da Gudal, suke cika birnin Yamai da ganye. Da magariba kuma sai hayaƙin masu gashin kaza da zabo ya turnuƙe bakin titi.

A ƴan kwanakin nan mun sha samun tambaya iri ɗaya daga gare ku. Wasu likita ne ya ce su rage mai da gishiri saboda hawan jini ko ciwon suga, wasu kuma ƴaƴansu ne na ƙetare ke ta yi musu waya suna cewa a dinga cin ganye. Tambayar ita ce: wannan salati da gasasshiyar kaza da ake ta yabo, za a iya yin sa a gida da abin da ke hannu, kuma da gaske yana da amfani ga jiki?

E, za a iya, kuma yana da amfani. Amma fa akwai wurare uku da abin ke lalacewa: wurin ruwan wanki, wurin wuta, da wurin mahaɗin da ake zubawa a kai. Wanda ya kiyaye waɗannan ukun ya ci abinci mai gina jiki. Wanda ya yi sakaci da ɗaya, yana iya kwana yana zarya da buta.

Ai kwaɗo ne, ba baƙon abu ba

Kada sunan ya ruɗe mu. Kakanninmu sun daɗe suna kwaɗa zogale da rama da tafasa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan yaji. Ƴan uwanmu Zabarmawa suna kiran nasu kopto, kuma babu unguwar da ba a sayar da shi a Yamai. Abin da ya ƙaru shi ne ɗanyen ganyen lambu, wanda ya yawaita a ƙasar nan tun bayan farin 1984, lokacin da gwamnatin Seyni Kunce ta matsa wa jama'a su rungumi noman rani.

Sai dai salatin da muka saba gani a birni ya ɗan kauce hanya. A yanka ganye kaɗan, a jibga dankali da ƙwai, a malala mayonez, a ƙara mai, a marmasa dunƙulen magi biyu, a tura da burodi. Mayonez kuwa mafi yawanta mai ne, dunƙulen magi kuma kusan rabinsa gishiri ne. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda muka fi sani da OMS, ta ce kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi. Ta kuma ce a samu aƙalla giram 400 na ganye da ƴaƴan itace kowace rana. Kun ga ke nan abin da muke nema shi ne ganye ya yi yawa, mai da gishiri su yi kaɗan, yaji da tsami su ɗauki nauyin daɗin.

Abin da za a tanada

Wannan awo na mutum shida ne.

Na gashi: kaza ɗaya madaidaiciya, ko zabo, dakakken ƙuli-ƙuli babban cokali 3, tafarnuwa ƙwaya 5, citta ƙaramin cokali 1, masoro da kimba kaɗan, kanumfari ƙwaya 3, barkono gwargwadon bakin mutanen gida, dakakkiyar daddawa ƙaramin cokali 1, lemun tsami 2, man gyaɗa babban cokali 1, gishiri rabin ƙaramin cokali.

Na ganye: salati kai 2, tumatir 4, kokwamba 2, karoti 2, albasa babba 1, ɗanyen tattasai 1, dafaffen zogale cikin hannu 2, in akwai.

Na mahaɗi: lemun tsami 3, man gyaɗa babban cokali 2, ƙuli-ƙuli babban cokali 2, tafarnuwa ƙwaya 1, gishiri ɗan taɓi.

Babu abin da za a je nema wata ƙasa. Albasar Galmi tamu ce, tattasan Difa namu ne, tafarnuwa na zuwa daga Agadas, gyaɗa da ƙuli-ƙuli daga Maraɗi da Damagaram, kaji da zabi kuma kowace Lahadi suna cika kasuwar Baleyara. Abu ɗaya game da ƙuli-ƙuli: a duba shi, a shinshina. In ya yi fumfuna, ko yana warin ruma, ko yana ɗaci, a zubar. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da wata guba da ake kira afalatoksin mai lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Wuri na farko: ruwa

Ganyen da za a ci ɗanye bai ga wuta ba, don haka duk abin da ya hau kansa tun daga lambu zai bi mu har ciki in ba a wanke ba. Akwai takin dabbobi, akwai ƙura da ƙudaje, akwai hannayen da ya bi, akwai kuma ruwan ban-ruwa. Kowa a Yamai ya san kwarin Gunti Yena yana kwasar ruwan kwatar gari zuwa kogi, kuma akwai lambuna a gefensa. Ba laifin masu lambu muke gani ba, neman halal suke da ruwan da suka samu. Amma mai saye ba ya iya gane ganyen wane lambu ne da ido, shi ya sa kowane ganye a ɗauke shi a matsayin mai buƙatar wanki sosai.

Abin ba wasa ba ne. A ƙididdigar da OMS ta fitar a 2015, mutum miliyan 600 ne ke kamuwa da cuta ta hanyar abinci kowace shekara a duniya, dubu 420 kuma suna rasuwa, cikinsu dubu 125 yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Mu ma nan ba mu manta da kwalarar da ta ɓarke a Madarunfa a 2018 ba, da wadda ta bi jihohi da dama a 2021.

Ga yadda ake yi. Da fari a wanke hannu da sabulu. A yanke gindin salatin, a zubar da ganyen waje da ya yi yaushi ko ya taɓa ƙasa. A ɓare sauran ɗaya bayan ɗaya, a saka cikin tasa mai ruwa mai tsabta, a murza kowane ganye a hankali da yatsa, ciki da baya. A tsamo ganyen daga ruwan, kada a tsiyaye ruwan ta kansa, don yashi da ƙwan tsutsar ciki suna kwantawa ne a ƙasan tasa. A sake ruwa sau biyu ko uku har sai ya fita garau.

Bayan nan sai jiƙo. A zuba binegar kofi ɗaya cikin ruwa kofi biyar, a bar ganyen minti 10. Gidajen da suka saba da ruwan jabel su sani ɗigo kaɗan ake sawa, kuma ƙarfinsa ya bambanta daga kwalba zuwa kwalba, don haka a nuna wa ma'aikacin lafiya na CSI kwalbar ya faɗi awon. Masu amfani da farmanganat kuma, ruwan ya tsaya a ja-ja mai haske, kada ya yi duhu. A zaɓi ɗaya daga cikin ukun. Kada a taɓa haɗa jabel da binegar ko lemun tsami a tasa ɗaya, suna tayar da iska mai guba da ke shaƙe numfashi. Omo da sabulun wanki kuma ba na abinci ba ne. Ruwan gishiri kaɗai ko matsin lemu guda, waɗanda da yawanmu muke dogara da su, ba su wadatar.

Daga ƙarshe a ɗauraye da ruwan da za a iya sha. In na rijiya ne ko na tafki, a tafasa shi ya huce, ko a sa masa ƙwayar Aquatabs yadda aka rubuta a jikin takardar. Ganye mai tsabta in an ɗauraye shi da ruwa marar tsabta, an koma gidan jiya. A zuba a kwando mai tsabta ya tsane, a rufe da faifai. Tumatir da tattasai su ma haka, karoti da kokwamba kuwa a wanke sannan a fere.

Wuri na biyu: wuƙa da wuta

Kaza ko da lafiyayya ce tana ɗauke da ƙwayoyin cuta a hanjinta da fatarta, irin su salmonela, masu sa zawo da amai da zazzaɓi. Wuta tana kashe su. Matsalar ita ce wuƙar da aka yanka ɗanyar kaza da ita, sai a ɗan goge ta da tsumma a yanka tumatir. Kazar ta gasu lafiya, amma cutar ta riga ta shiga ganyen ta bayan gida. Saboda haka a gama da ganye tukuna, a rufe a ajiye gefe, sannan a taɓa kaza. In da hali, wuƙa biyu da katako biyu. In babu, a wanke da sabulu da ruwan zafi tsakanin aikin biyu. Ruwan da aka wanke kaza a zubar da shi nesa, kada ya fantsama kan kwanuka.

Ga mutanenmu na karkara, lokacin sanyi shi ne lokacin da ciwon kaji ke share akurki. Mun san da zafi mutum ya ga dukiyarsa na mutuwa, sai a yi maza a yanka wadda ta fara gyangyaɗi. Don Allah a bari. Murar tsuntsaye ta taɓa bayyana a Magarya a watan Fabarairun 2006, kuma mai fige kaza marar lafiya da mai yanka ta su ne a bakin haɗari. In kaji na mutuwa da yawa, a sanar da ma'aikatan kiwo.

Yanzu gashi. A raba kazar gida shida ko takwas. Mai son rage kitse ya cire fatar, don a nan mafi yawan kitsen yake. Kazar gida da zabo suna da tauri, sai a sulala su minti 15 zuwa 20 da albasa da citta, a ajiye romon don miyar gobe. Kazar gidan gona ba ta buƙatar sulala, a tsattsaga ta dai da wuƙa don yaji ya shiga.

A daka tafarnuwa da citta da masoro da kimba da kanumfari da barkono da daddawa, a matse lemun tsami biyu, a sa mai da gishiri, a shafe naman ko'ina. Daddawar ce ke ba da ɗanɗanon da muke nema wajen magi. Mai firigo zai iya barin naman ya kwana a ciki. Wanda ba shi da shi, rabin awa a inuwa a rufe ya isa. Ragowar yajin da ya taɓa ɗanyen nama ba a zuba shi a kan ganye, ko a shafe shi duka tun kafin gashi ko a zubar.

A hura gawayi a tsakar gida, ban da cikin ɗaki, ko da sanyi ya kai yaya, don hayaƙin gawayi a rufaffen ɗaki yana kashe mutum cikin barci. Kada a kunna da leda ko fetur, warinsu da gubarsu na kama naman. A jira harshen wuta ya kwanta, garwashi ya yi ja, farin toka ya rufe shi. A ɗora raga kamar taƙi ɗaya sama da garwashin, a jera naman, a dinga juyawa. Wadda aka sulala tana ɗaukar kamar minti 15 zuwa 20, ɗanya kuma minti 35 zuwa 45. Ƙuli-ƙuli yana saurin ƙonewa, shi ya sa ake barbaɗa shi a mintocin ƙarshe. Duk inda ya yi baƙi ƙirin a kankare, ƙonannen nama ba abin yawan ci ba ne.

Wuta mai ƙarfi tana yaudara, waje ya yi ja ciki kuwa da jini. A tsaga cinya har wajen ƙashi. In akwai ja, ko ruwan da ke fita da jini-jini, a mayar kan wuta. OMS ta ce cikin nama ya kai digiri 70 na zafi, a Amurka kuma hukumomi sun ce kaza ta kai 74. In ta gasu, a sa ta a tire mai tsabta, ba wanda ɗanyar ta zauna a kai ba, kuma ban da takardar buhun siminti. A bar ta minti biyar ta huta, sannan a yayyage tsokar ƙanana.

Wuri na uku: mahaɗi

A matse lemun tsami uku a ƙaramin kwano, a zuba mai cokali biyu, ƙuli-ƙuli cokali biyu, dakakkiyar tafarnuwa, ɗan gishiri da ɗan barkono, a kaɗa da cokali. In ya yi kauri a ƙara ruwan sha kaɗan. Ƙuli-ƙulin zai ba shi kaurin da ake nema wajen mayonez, ga shi an riga an matse masa mafi yawan mai.

Kada kuma a ce za a bar man gaba ɗaya. Sinadarin bitamin A da ke cikin karoti da zogale, mai taimakon ido da garkuwar jiki, sai da ɗan maiƙo jiki ke ɗaukarsa da kyau. Lemun tsami da tumatir da ɗanyen tattasai kuwa suna taimaka wa jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe da ke cikin ganye, wanda ke ƙara jini. Abin da kakanninmu ke yi da ƙuli-ƙuli da tsami a kwaɗo, ashe da hikimarsa.

A yayyanka ganyen a babban tire, a jera tumatir da kokwamba da karoti da albasa da tattasai, a watsa zogale, a ɗora kazar a sama. Mahaɗin sai an zo ci ake zubawa, in ba haka ba ganyen ya yi laushi ya saki ruwa.

Akwai wata fa'ida a yayyaga naman. Sau da yawa in an gasa kaza a gida, cinya da ƙirji na maigida da baƙi ne, yara da uwargida sai wuya da ƙafa. Alhali masu girma da masu ciki da masu shayarwa su suka fi buƙatar naman. In an yayyage an cakuɗa, kaza ɗaya ta zagaya kowa. Ƙananan yara a ware musu tsoka tun kafin a sa barkono, a ba su da dafaffen zogale da dafaffen karoti, ɗanyen ganye sai sun ƙara wayo.

Kada ya jira mu

Wannan abinci ba ya son ajiya. Ƙa'idar OMS ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje. A watannin Afrilu da Mayu, da zafin Yamai ke haura digiri 40, awa ɗaya ma ta yi yawa. Masu shirya shi don buɗa baki da azumi, a wanke ganye a gasa kaza bayan la'asar sakaliya, a haɗa dab da kiran salla. Mai firigo ya ajiye nama daban, ganye daban, ya tuna kuma in wuta ta ɗauke ta daɗe, firigo ya zama akwati. Ragowar nama a sake ɗumama shi har ya yi zafi ciki da waje. Ragowar ganyen da aka riga aka kwaɗa kuwa, a haƙura da shi.

In babu salati fa?

Garuruwa da yawa ba su da lambu, kuma da zafi ya shigo salati yake tsada ya yi ɗaci. Babu komai. A tafasa zogale ko rama ko tafasa ko yaɗiya, a matse, a kwaɗa da wannan mahaɗi, a sa albasa da tumatir, a ɗora kazar. Inda ruwa mai tsabta ke wuya ma, dafaffen ganyen ya fi kwanciyar hankali, tun da ya ga wuta. Ranar da babu kaza, dafaffen wake ko ƙwai ko gasasshen kifi su tsaya a madadinta.

Masu hawan jini su bar magi kwata-kwata a wannan haɗi. Masu ciwon suga su cika ciki da ganyen da naman, burodi ɗan kaɗan. Masu gyambon ciki su rage barkono da tsami. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ganye da nama. Kuma abinci ba ya maye gurbin maganin da aka rubuta wa mutum, a ci gaba da sha.

Ga ƴan uwa na ƙetare

Ku da ke Abijan da Kwatano da Lome da Akara, gawayi da ƙuli-ƙuli ba su yi muku nisa ba. Na Faransa da Beljiyam da Amurka kuwa, tanda ta wadatar: a sa ta a digiri 200, minti 35 zuwa 45, a duba cikin naman da ɗan ma'aunin zafi. In babu ƙuli-ƙuli, a niƙa soyayyar gyaɗa marar gishiri, ko a sa tunkuzar kwalba marar suga, a rage man. Kazar kanti da aka riga aka gyara, hukumomin lafiya na can sun ce kada a wanke ta a bakin famfo, don ruwan na fantsama kan kwanuka. Daskararriya kuma a narkar da ita cikin firigo.

In za ku yi aike gida, ku tuna da ƙananan abubuwan nan: wuƙa ta biyu, katakon yanka, sabulu, kwalbar binegar, ƙwayar tsabtace ruwa.  In kun kira Inna ko Baba kuna cewa a ci ganye, ku ƙara da tambayar da wane ruwa aka wanke shi.

Wanda kuma ya ci wani abu ya ga zawo da amai sun matsa, musamman yaro ko tsoho ko mai ciki, a fara ba shi ruwan gishiri da suga na SRO, a nufi likita ba tare da jiran wayewar gari ba. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke.

Ku gwada, ku aiko mana da labarin yadda ya kasance, da irin ganyen da kuke kwaɗawa a garinku, za mu karanta a shirinmu na gaba in Allah ya kai mu. A gaida mutanen gida.